Masu auna ayyukan lafiya: yadda binciken likitocin Kano ke shafar mai naƙuda a Rano da Kibiya

A duk shekara gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji kan ƙaddamar da sababbin shirye-shiryen kiwon lafiya a arewacin Najeriya. Sai dai ba kasafai ake komawa a tantance wanda ya yi amfani daga cikinsu ba. Wannan tantancewa fannin ilimi ne mai zaman kansa, kuma akwai malaman jami'a a Kano da suka shafe shekaru suna aiki a cikinsa tare da horar da na baya.

Ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da ke kudancin jihar Kano na daga cikin wuraren da sakamakon wannan aiki ya fi shafa. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewar Rano na da mutane sama da dubu 140, Kibiya kuma sama da dubu 130, akasarinsu manoma. Idan haihuwa ta zo da gardama a ƙauye, ƙaramin asibitin yankin ko babban asibitin Rano ne mafaka ta farko, domin kuwa kafin a kai ga birnin Kano mai zubar da jini na iya rasa ranta. Ke nan abin da ungozomar asibiti ta sani, da maganin da ke hannunta, su ne ke raba gardama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewar mata kimanin dubu 82 suka rasu a Najeriya a shekarar 2020 sakamakon ciki da haihuwa, wato fiye da rubu'in adadin duniya baki ɗaya.

Darasin jijjiga

Ƙa'idar tantancewa ita ce a ƙididdige halin da ake ciki kafin a fara shiri, a sake ƙididdigewa bayan an fara, sannan a kwatanta. A shekarar 2008 an gwada haka a manyan asibitoci goma na jihar Kano dangane da jijjigar masu juna biyu. A da ana yi wa mai jijjiga allurar sa barci ce ta dayazifam, ko da yake bincike ya riga ya tabbatar da cewar allurar magniziyam salfet ta fi ta inganci. Ƙungiyar Population Council, da tallafin gidauniyar MacArthur, ta haɗa kai da ma'aikatar lafiya ta jihar aka horar da likita da ungozoma daga kowane asibiti, su kuma suka koma suka horar da abokan aikinsu.

Rahoton da Jamilu Tukur na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka wallafa ya nuna cewar a da mata kusan 21 cikin kowane 100 masu wannan larura ne ke mutuwa, amma bayan shirin adadin ya koma ƙasa da 3. Da irin waɗannan alƙaluma ne ake shawo kan masu riƙe da baitulmali su ci gaba da sayen magani bayan masu tallafi sun tafi.

Ledar auna jini

Misali na biyu shi ne binciken E-MOTIVE a kan zubar jini bayan haihuwa, larurar da a lokacin binciken aka ƙiyasta tana halaka mata kimanin dubu 70 a duniya a kowace shekara. Likitoci na ɗaukar zubar da rabin lita ko fiye a matsayin haɗari, amma a galibin asibitoci da ido ake kintata jinin, ido kuwa kan yi kuskure.

Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya suka jagoranci binciken a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, inda mata sama da dubu 210 suka haihu. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta shugabanci ɓangaren Najeriya. An raba asibitocin gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A kashi ɗaya an ci gaba da aiki yadda aka saba. A ɗaya kashin kuwa an riƙa duba wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai jego, da zarar jinin ya kai ƙa'ida sai a haɗa matakan ceto a lokaci guda: murza mahaifa, allurar tsuke mahaifa, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da binciken inda jinin ke fitowa.

Sakamakon da aka bayyana a watan Mayun 2023 ya nuna raguwar kashi 60 cikin 100 na matan da suka yi mummunar zubar jini, ko aka yi musu tiyata, ko suka rasu saboda ita. A ƙarshen wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tsarin cikin shawarwarinta ga ƙasashe.

Yadda ake zama mai bincike

Hanyar na da tsawo. Likita kan shekara shida a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki da ta hidimar ƙasa, kana ya shiga horon ƙwarewa, wanda ba ya kammaluwa sai ya rubuta kundin bincike. Bayan nan ne yake buƙatar ilimin ƙididdiga da tsara gwaji, da kuma jagorancin na gaba da shi. Ita kanta Farfesa Galadanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi karatun likita, ta ƙaro ilimin bincike a Landan, daga bisani ta shugabanci cibiyar ACEPHAP ta Jami'ar Bayero, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa domin horar da ɗaliban digiri na biyu da na uku daga ƙasashen Afirka ta Yamma.

Wani ginshiƙin horon shi ne amana. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer ba, wanda aka yi a kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu, aka kuma shekara da shekaru ana shari'a kafin sulhun 2009. Tun shekarar 2007 Najeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, wanda ya wajabta amincewar kwamitin ɗa'a da yardar wanda za a yi gwajin a kansa bayan an yi masa cikakken bayani. Mai binciken da ya tashi cikin jama'a, yake jin harshensu, ya san matsayin miji da uwar miji da malami wajen yanke shawara, shi ya fi cancanta da neman wannan yarda.

Sauran aiki

Dukkan nasarorin nan biyu a cikin asibiti aka same su. Amma binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewar a arewa maso yammacin Najeriya matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Saboda haka tambayoyin da ke jiran matasan masu bincike na karkara ne: me ke hana mace a ƙauyukan Kibiya zuwa asibiti, ko ledar da allurar na kai wa ga ƙananan asibitoci, kuma ko ma'aikatan da aka horar na nan a bakin aikinsu bayan shekara biyu. Amsoshin na ƙunshe cikin rajistar ɗakunan haihuwa na garuruwa irin su Rano, muddin an samu masu cika ta da gaskiya da kuma masu ilimin karanta ta.