Korar da ido ya jawo: neman aiki bayan faɗuwa gwajin shekaru a kantunan Birtaniya

A kusan kowane kanti a Birtaniya, tun daga manya irin su Tesco da Sainsbury's har zuwa ɗan shagon kan kwana, akwai wata takarda manne a jikin kanta ɗauke da lamba 25 ɓaro-ɓaro. Abin da take nufi shi ne duk wanda ya zo sayen sigari ko barasa ko wuƙa ko tikitin caca, matuƙar fuskarsa ba ta nuna ya kai shekara 25 ba, sai ya nuna katin shaida kafin a miƙa masa kayan. Doka shekara 18 ta ce, 'yan kasuwa suka ɗora bakwai a kai domin su bar wa ido sararin yin kuskure. Tsarin, da ake kira Challenge 25, ya bazu ne tun wajen 2009, kuma a Sikotland ya zama tilas a kan masu sayar da barasa tun Oktoban 2011. Wannan takarda ta raba ma'aikata da dama da hanyar abincinsu, kuma batun bai tsallake namu ba, domin ɗaliban Najeriya da Ghana da bizarsu ta yarje musu aikin awa 20 a mako lokacin karatu, sau da yawa kanti ne ƙofar farko da ke buɗe musu. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, wannan kora ba ta kai munin da wanda aka kora yake tsammani ba, kuma abin da ya fi toshe masa aiki na gaba shi ne ƙaryar da tsoro kan sa ya yi domin rufe ta.

Gwajin iri biyu ne, kuma bambancinsu na da nauyi ƙwarai. Na farko na hukuma ne: 'yan sanda ko jami'an kula da ƙa'idojin ciniki na ƙananan hukumomi su turo yaro ko yarinya da ba su kai 18 ba su nemi sayen kayan, jami'i na tsaye kusa cikin farin kaya yana kallo. Wanda ya sayar a nan ya karya doka. A Ingila da Wales, dokar lasisi ta 2003 ta ɗora laifin sayar wa yaro barasa a kan shi kansa mai miƙa kayan, kuma ana iya yanka masa tarar fam 90 nan take ko a kai shi kotu. Na biyu kuwa na cikin gida ne: kamfani ya ɗauko hayar masu bincike irin su Serve Legal, su turo matashi ɗan shekara 18 ko 19 ya yi sayayya, ya koma ya rubuta rahoto ko an tambaye shi kati ko ba a tambaye shi ba. Wannan matashi baligi ne a idon doka, yana da ikon sayen abin da ya saya. Kashiyan da ya sayar masa bai yi wa hukuma laifin komai ba, ƙa'idar ubangidansa kawai ya saɓa. Amma a takardar sallama sau da yawa suna ɗaya ake ba su biyun, wato babban laifin saɓa ƙa'idar aiki, irin sunan da ake bai wa wanda ya sa hannu a aljihun kamfani.

Sai mutum ya dubi yadda abin ke faruwa kafin ya gane sauƙin faɗawa cikinsa. Ka ɗauki yammacin Juma'a a sashen injinan da mai saye ke biya wa kansa. Ma'aikaciya ɗaya ce ke kula da jerin injinan. Wannan ya ƙi karanta lambar burodi, wancan yana ƙorafin an ɗora kaya a kan ma'auni, layi ya miƙe har bayan shago. Fitila ta kama a kan inji na ƙarshe, wani dogon saurayi mai gemu da hular sanyi ya ɗauko wuƙar kicin. Ta zo da sauri, ta ɗaga kai ta dube shi sau ɗaya, ta danna maɓallin da ke cewa mai sayen ya haura 25, ta juya wurin na gaba. Ko numfashi biyu ba a yi ba. Bayan kwanaki manaja ya kira ta ofis, ga rahoto, ga hoton kyamara, ga lambarta a jikin rasit. Ga wanda ya tashi a cikinmu akwai ƙarin nauyi: an tarbiyyantar da shi cewa tsare babban mutum da tambayar shekarunsa rashin kunya ne, kuma idonsa bai saba da kimanta shekarun Bature ko ɗan Asiya ba. Tambayar kanta ba lafiya ba ce, domin ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan kanti, Usdaw, ta daɗe tana nuna cewa neman katin shaida na cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata zagi da barazana. Shi ya sa Sikotland ta yi doka ta musamman a 2021 da ke ƙara nauyin hukunci a kan wanda ya ci zarafin ma'aikacin da ke bakin wannan aiki.

Mai ja da ni zai ce ai tsananin yana da dalili, kuma gaskiyarsa. Wuƙar da aka sayar wa ɗan shekara 15 tana iya ƙarewa a cikin wani yaron, kuma Landan ta ga irin wannan har ta gaji. Shi ma mai kanti ba don mugunta yake zare ido ba: idan aka kama shagonsa ya sayar wa yara barasa sau biyu cikin wata uku, ana iya dakatar masa da cinikinta na kwanaki, ko a maka shi kotu, ko a sake duba lasisinsa ɗungurungum. Ban ce a sassauta ƙa'idar ba. Ko a gida Najeriya, dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta haramta sayar wa ɗan ƙasa da 18 sigari, kuma da ana bin ta da ko rabin wannan himma da an ga canji a tashoshin mota. Abin da nake cewa shi ne girman illar da ake gudu ba ya mai da mai sakaci maci amana. Wanda ya saci kuɗin kanta ya yi niyya, ya ɓoye, ya amfana. Wanda bai tambayi kati ba bai ƙaru da ko kwabo ba, kuma a gaban kyamara ya yi. Mai ɗaukar ma'aikata da ya san aikinsa ya san wannan bambanci, domin shi ma shagonsa ya taɓa faɗuwa irin wannan gwaji.

Sai dai kada wanda aka kora ya ɗora buri mai yawa a kan kotun ma'aikata. Tun shari'ar kamfanin British Home Stores da Burchell a 1978, abin da kotu ke dubawa shi ne ko mai aikin ya yi imani da gaske cewa an yi laifin, ko yana da hujjar da hankali zai ɗauka, ko kuma ya yi binciken da ya dace. Ba ta tambayar ko ita da kanta za ta yi korar, sai dai ko korar na cikin abin da mai aiki mai hankali zai iya yanke wa. Idan an ba ka horo, ka sa hannu, kuma littafin ƙa'idoji ya faɗi hukuncin ƙarara, hanyar ta yi ƙunci. Tun Afrilun 2012 ma sai wanda ya shekara biyu a wurin ne ke da damar ƙarar kora ba bisa adalci ba, ko da yake sabuwar dokar ƙwadago ta 2025 ta tanadi rage wa'adin zuwa wata shida. Inda riba take shi ne ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin. Ƙa'idar hukumar sasanta rikicin ƙwadago, ACAS, ta ce a bai wa ma'aikaci wannan dama, kuma doka ta ba shi ikon zuwa zaman ladabtarwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiya. Ko ba a mai da shi ba, a nan ne zai sa a rubuta cewa gwajin na cikin gida ne, mai sayen baligi ne, karo na farko ne, kuma a nan zai tambayi abin da kamfanin zai faɗa wa duk wanda ya zo neman shaida a kansa. Albashin kwanakin da ya yi da kuɗin hutun da bai ci ba kuwa haƙƙinsa ne, ko da wane suna aka sallame shi.

To me ke bin mutum bayan ya fita? Ƙasa da abin da yake zato. Takardar haraji ta P45 da ake ba shi ba ta ɗauke da dalilin barin aiki. Binciken tarihin laifuffuka na hukumar DBS ba ya nuna kora, domin kora ba hukuncin kotu ba ce. Tarar fam 90 da aka biya a kan lokaci ita ma ba a lissafa ta a matsayin an same ka da laifi a kotu, ko da yake 'yan sanda na iya ambatonta a bincike mai zurfi da ake yi wa masu neman aikin kula da yara ko marasa ƙarfi. Saura takardar shaida daga tsohon wurin aiki. In ban da wasu fannoni kamar harkar kuɗi, doka ba ta tilasta wa mai aiki ya ba da ita ba, amma in ya bayar dole ta zama gaskiya kuma da adalci. Tun hukuncin Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, a shari'ar Spring da kamfanin inshora na Guardian Assurance a 1994, wanda ya rubuta shaidar ganganci da ta cutar da tsohon ma'aikacinsa na iya biyan diyya. Tsoron wannan ne ya sa manyan kamfanoni da yawa suka taƙaita shaidarsu ga muƙami da ranar kama aiki da ranar bari.

A nan ne shaiɗan ke shigowa da shawara: tunda mai yiwuwa ba za a sani ba, me zai hana ka ce kwantiragi ne ya ƙare, ko karatu ne ya yi yawa? Akwai tazara tsakanin yin shiru da yin ƙarya, kuma a cikin tazarar nan mafita take. Ba wanda ya wajabta maka rubuta dalilin barin aiki a takardar CV, kuma in ba a tambaya ba, ba dole ne ka tono ba. Amma idan fom ya tambaya kai tsaye ko an taɓa korarka, ka rubuta a'a, to ka sauya laifin da hannunka. Da sakaci ne, yanzu ya zama yaudara, wadda ita ce ainihin abin da kowane mai kanti ke gudu a wurin mutumin da zai damƙa wa kuɗi da mukulli. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne a sana'ar da manajoji ke yawo daga wannan kamfani zuwa wancan, tsohon abokin aikinka na iya zama sabon shugabanka. Ranar da ta fito, ko bayan shekara ne, sabon wurin na da hujjar sallamarka nan take, kuma dokar zamba ta 2006 ta shafi wanda ya yi ƙarya domin samun abin duniya, ciki har da albashi. Wannan kora ta biyu ita ce ba ta da bayani mai daɗin ji.

Gaskiya ne faɗin gaskiya zai sa wasu su ajiye takardarka, musamman inda kwamfuta ce ke tace masu nema kafin ɗan Adam ya gani. Wannan asara ce ta zahiri, amma tana da iyaka, kuma yadda aka faɗi maganar na rage ta. A intabiyu jimla uku sun wadatar: “An sallame ni ne saboda ban nemi katin wani mai saye ba a gwajin da kamfani ya shirya. Shekarunsa 19, amma ƙa'ida ta ce in tambaya, ban tambaya ba, laifina ne. Yanzu duk wanda na yi kokwanto a kansa sai na ga fasfo ko lasisin tuƙi ko katin shaidar shekaru na PASS.” Daga nan sai a yi shiru a jira tambaya ta gaba. Masu nema kan ɓata rawarsu da tsalle a daidai nan, su shiga labarin muguntar manaja da ƙarancin ma'aikata da tsawon layi. Ko duk gaskiya ne, mai sauraro abin da yake ji shi ne mutumin da bai ɗauki nauyin abin da ya yi ba.

Wasu kan ba da shawarar a riga kamfani, a ajiye aiki kafin zaman ladabtarwa. Wani lokaci yana da amfani, idan kamfani ya amince a rubuce da irin shaidar da zai bayar. In ba haka ba, yana iya ci gaba da zaman a bayan idonka, ko ya rubuta cewa ka tafi ana tsakiyar bincike, wanda a kunnen mai ɗaukar aiki ya fi korar kanta tayar da zargi, tunda ba ya faɗin me ake bincika. Ga mai karɓar tallafin Universal Credit, ajiye aiki ba dalili da kora saboda laifi duk suna iya jawo yanke tallafin na kwana 91, sai dai ma'aikatar da ke biyan tallafin ce ke auna lamarin da kanta, ba ta ɗaure da sunan da kamfani ya ba shi, kuma ana iya neman ta sake duba hukuncinta. Ɗalibi baƙo ba ya cikin wannan lissafi tun farko, domin bizarsa ba ta ba shi damar taɓa kuɗin tallafin gwamnati ba. Shi haya ce ke jiransa a ƙarshen wata, don haka saurin samun wani abin yi ya fi masa komai.

Hanya mafi kusa ita ce ta kamfanonin dillancin ma'aikata, masu tura mutane sito da wuraren haɗa kaya da kicin da aikin shara, inda babu kayan da ke da iyakar shekaru, kuma abin da ake dubawa shi ne izinin aiki da zuwa a kan lokaci. Wata uku ko shida a irin wannan wuri na samar da sabuwar shaida, ita ce kuma mai ɗaukar aiki na gaba zai fara nema, tsohuwar ta koma layi na biyu. Ana iya haɗawa da shaidar malami ko ta wani tsohon shugaba da ya san aikin mutum. Wanda kuma yake son komawa kanti, ƙananan shaguna masu zaman kansu sun fi sauƙin shiga, domin a can mai shagon ne da kansa ke zama da kai ya ji bayaninka, kuma shi ne mutumin da lasisinsa ke rataye a kan ko za ka tambayi katin ko ba za ka tambaya ba.