Yadda haɗa bayanai a kwamfuta ke buɗe wa masu kutse ƙofa

A duk lokacin da mutum ya sauya abu guda a cikin zaɓuɓɓukan wata manhaja, kwamfuta na haɗa sabon zaɓin da tsofaffin da ke ajiye, ba tare da ta ɓatar da sauran ba.

Masu rubuta manhajoji kan adana irin waɗannan bayanai ne bibbiyu, wato lakabi da abin da ke ƙarƙashinsa. Alal misali, lakabin "harshe" na iya ɗauke da kalmar "Hausa".

Sai dai wani lakabin kan ƙunshi wasu lakabobin, tamkar akwati a cikin akwati. Haka abin yake a tsarin JSON, wanda wani Ba'amurke, Douglas Crockford, ya yaɗa a farkon shekarun 2000.

Haɗi iri biyu

A ce a ƙarƙashin lakabin "sanarwa" akwai sauti, da girgiza, da lokacin shiru, sai mai waya ya sauya sautin kaɗai.

Idan haɗin sama-sama aka yi, za a jefar da tsohon akwatin baki ɗaya a ajiye sabon, don haka zaɓin girgiza da na lokacin shiru sun salwanta. Irin wannan haɗin ne alamar da aka ƙara wa yaren Python a shekarar 2020 take yi.

Shi kuwa haɗi mai zurfi, yakan buɗe kowane akwati, ya shiga na cikinsa har zuwa ƙarshe, ya sauya abin da aka taɓa kawai.

To amma ba a haɗu a kan ƙa'ida guda ba. Idan jeri biyu suka ci karo, kundin Lodash na yaren JavaScript kan haɗa su ɗaya bayan ɗaya, yayin da ƙa'idar RFC 7396 ta shekarar 2014 ta tanadi a maye gurbin tsohon jerin kacokan.

Gurɓata tushe

Babban haɗarin yana tasowa ne idan bayanan da ake haɗawa daga hannun baƙo suka fito.

A yaren JavaScript, kusan dukkan akwatunan bayanai na gadon halayensu daga tushe guda, kuma ana iya kaiwa gare shi ta wani lakabi na musamman mai suna __proto__.

Mai kutse kan aiko da bayanai ɗauke da wannan lakabi. Idan manhajar ba ta tantance ba, sai ta bi shi har tushen, ta rubuta abin da aka aiko a can, kamar wanda ya zuba guba a rijiyar da duk gari ke sha.

Ta haka mai kutsen zai iya samun ikon da aka keɓe wa shugaban shafi, ko ya durƙusar da manhajar.

Wani mai bincike, Olivier Arteau, ya yi bayanin wannan hanya a taron NorthSec a birnin Montreal na ƙasar Kanada a shekarar 2018.

An toshe irin wannan kafa a Lodash a shekarar 2018, aka sake gano wata a 2019. A watan Afrilun 2019 ma masu kula da jQuery, wanda ɗimbin shafukan intanet ke amfani da shi, sun fitar da gyara a sigar 3.4.0.

Matakan kariya

Masana harkar tsaron kwamfuta na ba da shawarar a riƙa tantance duk bayanan da suka shigo daga waje kafin a haɗa su, a kuma hana lakabobi masu haɗari wucewa.

Haka kuma suna jan hankalin masu shafuka da su sabunta kundayen da suke amfani da su, domin shafin da ya tsaya a kan tsohuwar siga yana nan da kafar a buɗe, ko da an daɗe da fitar da gyaran.