Masu Kiwon Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa a Cikin Faranti

A shekarar 2008, masu bincike na jami'o'in Harvard da Columbia a Amurka suka sanar da wani aiki da suka yi da ɗan guntun fatar wata tsohuwa mai shekara 82. Tsohuwar tana fama da ALS, cutar da ke kashe jijiyoyin da ke ba tsoka umarnin motsi, har mutum ya kasa ɗaga hannu, haɗiya ta gagare shi, daga ƙarshe numfashi ma ya gagara. Daga wannan fata Kevin Eggan da abokan aikinsa suka samar da irin waɗannan jijiyoyi na motsi, da ransu, ɗauke da gadon matar, ana kallonsu ta madubin likita. Ba a taɓa ƙwaƙwalwarta ko lakarta ba.

Abin da ya sa labarin ya girgiza masana shi ne, ƙwaƙwalwa ba gaɓa ba ce da likita zai yanko ya duba yadda yake yi wa hanta ko fata. Tun daga 1906, lokacin da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana cutar mantuwar da ake kira da sunansa, yawancin abin da aka sani daga ƙwaƙwalwar mamata aka same shi, bayan cuta ta gama ɓarnarta. Sai aka koma ga ɓeraye. Amma ɓera ba ya kamuwa da cutar Alzheimer da kansa, sai an dasa masa ƙwayoyin gadon ɗan Adam, kuma magunguna da yawa da suka yi masa aiki sun kasa a jikin mutane. Wani nazari da aka yi kan magungunan cutar da aka gwada tsakanin 2002 da 2012 ya nuna kashi 99.6 cikin 100 ba su kai labari ba. Ga shi kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi.

Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ne ya buɗe ƙofar. A 2006 shi da Kazutoshi Takahashi suka nuna cewa idan aka cusa ƙwayoyin gado guda huɗu cikin ƙwayar halittar fatar ɓera, sai ta manta cewa ita fata ce, ta koma ƙwayar tushe irin ta farkon ciki, wadda za ta iya zama tsoka ko jini ko jijiya. A 2007 suka yi haka da fatar mutum, a 2012 Yamanaka ya sami kyautar Nobel tare da John Gurdon na Birtaniya. Ana kiran waɗannan ƙwayoyi iPS.

Wannan shi ne labarin da jaridu ke so. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na masu hidimar yau da gobe, galibi ɗaliban digiri na uku da ma'aikatan ɗakin gwaji da matasan da ba su daɗe da gama karatu ba.

Aikinsu na farko da safe shi ne leƙa akwatin ɗumi, inda farantan suke kwana a zafin digiri 37, daidai da na jikin mutum, cikin iskar da ke da kashi 5 cikin 100 na kabon dayokzaid. Mai binciken zai sa safar hannu, ya fesa barasar tsafta a kan duk abin da zai taɓa, ya zauna gaban wani teburi mai rufin gilashi da ke hura tatacciyar iska. Ruwan da ƙwayoyin ke ci ja ne. Idan ya fara komawa ruwan ɗorawa, sun cinye abincin, ko kuma ƙwayar cuta ta shiga. A yawancin ɗakunan gwaji kullum ake zuƙe tsohon ruwa a zuba sabo, kuma duk bayan kwana huɗu ko biyar a raba ƙwayoyin zuwa sababbin faranti kafin su cushe su lalace. Ma'aikacin kamar makiyayi yake: dabba ba ta san Asabar ko Lahadi ko ranar Sallah ba. Sakaci na yini ɗaya yana iya cinye aikin wata uku. Akwai ma wata mitsitsiyar ƙwayar cuta, maikoplazma, wadda ba ta gurɓata ruwan a gani, sai dai ta ɓata sakamako a ɓoye, shi ya sa ake yawan gwada farantan. Abin da aka ajiye don gaba kuma yana cikin tankin ruwan naitrojin, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili.

Duk wannan share fage ne. Ainihin gwanintar tana wajen lallaɓa ƙwayar tushe ta zama jijiyar da ake nema, domin kowace cuta da inda take kama. Cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sanƙarewar jiki, tana kashe jijiyoyin da ke samar da sinadarin dofamin a tsakiyar ƙwaƙwalwa, ALS kuma ta fi ƙarfi kan jijiyoyin motsi. Ana zuba wasu sinadarai bi da bi, kowane da ranarsa da ma'auninsa, ana kwaikwayon saƙonnin da ɗan tayi ke samu a ciki. Lorenz Studer da ɗalibansa a birnin New York sun fitar da hanyoyin da ake bi sosai yau, ɗaya a 2009, ta jijiyoyin dofamin kuma a 2011. Bayan makonni sai ƙwayoyin su fara miƙa siraran zare suna haɗuwa da juna. Sannan a manna wa guda ɗaya ɗan bututun gilashi mai tsananin siranta, a auna ko tana harba lantarki yadda jijiya ta gaskiya ke yi.

Nan ne gaskiyar mai bincike ke fuskantar jarrabawa. Idan jijiyoyin majiyyaci suka mutu da wuri fiye da na mai lafiya, cutar ce ta jawo, ko kuwa bambancin da ke tsakanin kowane mutum biyu? Don raba gardama, ana amfani da fasahar CRISPR a gyara gurbin da ya lalace a gadon majiyyacin, a bar sauran yadda suke, sannan a gwada wanda aka gyara da wanda ba a gyara ba. Gyaran kaɗai yana cin watanni, amma sakamakon da bai bi ta wannan mataki ba, a yi taka-tsantsan da shi.

An fara ganin amfani. A 2014 masu bincike a Boston suka lura jijiyoyin masu ALS suna harba lantarki fiye da kima, kuma wani maganin farfaɗiya, ezogabine, yana kwantar da su. Da aka gwada shi a kan mutum 65, ya rage wannan zumuɗi a jikinsu kamar yadda ya yi a faranti. A Jami'ar Keio ta Tokyo, Hideyuki Okano da abokansa sun tace magunguna 1,232 a kan jijiyoyin majiyyata, suka zaɓi ropinirole, wanda dama ake ba masu Parkinson. Gwajin da aka wallafa a 2023 ya ba da alamun rage saurin cutar, sai dai mutum 20 kawai ya ƙunsa, kuma wannan bai isa a yanke hukunci ba. Babu ɗayan biyun da ya warkar da kowa. Abin da suka tabbatar shi ne faranti na iya nuna wa likita inda zai dosa.

Babbar matsalar da ta rage ita ce tsufa. Dabarar Yamanaka tana goge shekarun ƙwayar halitta, ta yadda jijiyar da aka samo daga ɗan shekara 80 takan fito kamar ta ɗan tayi, alhali waɗannan cututtuka sai an manyanta suke bayyana. A 2013 ɗakin gwajin Studer ya gwada tsufar da jijiyoyi da gangan ta hanyar furotin ɗin da ke jawo cutar tsufan yara. A 2015 kuma masu bincike a Cibiyar Salk ta Kaliforniya suka nuna cewa idan aka juya fata ta zama jijiya kai tsaye, ba tare da an bi ta ƙwayar tushe ba, alamun shekaru ba sa gogewa.

Akwai kuma tambayar da ta shafe mu kai tsaye: fatar wa ake kiwo? Mafi yawan ƙwayoyin iPS da ke ajiye a duniya daga masu asalin Turai aka ɗebo su, kuma gado ba ɗaya ba ne. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indianapolis ya nuna nau'in ƙwayar gado na APOE4, wanda ke ƙara haɗarin Alzheimer sosai a Turawa, ba shi da irin wannan ƙarfi a tsofaffin Yarbawa. A 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin Parkinson ga masu asalin Afirka, sauyin da da wuya ake ganinsa a Turawa. Maganin da aka tace a kan jijiyoyin wata al'umma kaɗai, ba wanda zai ba da tabbacin zai yi wa kakanninmu aiki.

Wannan giɓi ne Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe mai bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila, yake ƙoƙarin cikewa. Ya jagoranci kafa cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021, kuma yana aikin samar da ƙwayoyin iPS daga 'yan Afirka don nazarin ciwon mantuwa. Irin wannan aiki yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da ruwan naitrojin a kai a kai, da matasan da za su jure zuwa ɗakin gwaji kullum na tsawon shekaru. Ya kamata gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni su ɗauki nauyin waɗannan abubuwa uku, jama'a kuma su saurari bayanin masu binciken da kyau idan aka zo neman ɗan jini ko guntun fata.