Mene ne cutar mantuwa, kuma ana iya kauce mata?

Cutar mantuwa, wadda ake kira gigin tsufa, lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce a hankali, har dattijo ya manta hanyar masallacin unguwarsu ko sunan jikansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ita, mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa.

A Babban Mutum da sauran garuruwan ƙasar Daura za a ce ai tsufa ne, ba shi da magani. Gaskiya shekaru da gado ba a canza su. Amma a 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, masu alaƙa da kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, taba, buguwar kai, raunin ji da gani, kaɗaici, da ƙarancin karatu tun ƙuruciya. Hawan jini ne ya fi tayar da hankali a nan, domin yakan shekara yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da ciwo ba, kuma awonsa minti kaɗan ne. Duk wanda ya kai 40, ya je asibiti a auna shi.