Yadda Ake Haɗa Na'urar DVR da Intanet Don Kallo Daga Nesa: Misali Daga Birnin Gwari

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne bayyana wa mai karatu yadda ake saita na'urar nan da ake kira DVR, watau akwatin da ke tattara hotunan kyamarorin tsaro yana ajiyewa, ta yadda mai ita zai iya ganin shagonsa ko ɗakin ajiyar hatsinsa a wayar hannu alhali yana wani gari. An ɗauki Birnin Gwari a matsayin misali ne domin a shekarun da 'yan bindigar dazuzzukan Kamuku da Kuyambana suka addabi hanyar Kaduna, ɗan kasuwar da ya yi ƙaura yakan daɗe bai leƙa dukiyarsa ba.

Da farko dai ana haɗa akwatin da rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, ta hanyar waya. Sa'an nan a shiga sashen saitin sadarwa a ba shi adireshin IP. Rauta tana iya ba shi da kanta, sai dai irin wannan adireshi yakan sauya idan an ɗauke wuta an kawo. Saboda haka ya fi kyau a rubuta tsayayye da hannu, alal misali 192.168.1.108, tare da adireshin rautar kanta, wanda galibi 192.168.1.1 ne. Kuskuren lamba guda a nan ya isa ya hana komai tafiya.

A nan ne fa gizo ke saƙa. Tsohuwar hanya ita ce a buɗe wa akwatin ƙofa a jikin rauta domin mai nema daga waje ya shigo: ƙofa mai lamba 8000 ga na'urorin Hikvision, 37777 ga na Dahua. To, amma wannan dabara tana bukatar gidan ya kasance da adireshinsa na kansa a intanet. Wanda kuwa ya dogara da layin waya, kamar yadda akasari ake yi a garuruwa irin su Birnin Gwari, kamfani yakan tara shi da ɗimbin jama'a ƙarƙashin adireshi ɗaya, tamkar 'yan haya masu zaure guda. Ko an buɗe ƙofar ɗaki, baƙo ba zai wuce zauren ba. Mafita ita ce a kunna tsarin P2P, inda akwatin da kansa yake neman kwamfutocin kamfanin da ya ƙera shi, wayar ma ta neme su, su haɗu can. Mai na'ura sai ya sauke manhajar Hik-Connect ko DMSS, ya haska alamar QR ta akwatin. A ganina mai saiti da ya ɓata wuni yana fama da ƙofofi a kan layin waya wahalar da kansa kawai yake yi. Yana da kyau kuma a zaɓi kallon ƙaramin hoto, don babban yana cinye data.

Batun kalmar sirri ba abin wasa ba ne. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban kyamarori da akwatunan DVR a duniya, ta hanyar gwada kalmomin da aka ƙero su da su. A wurin da ake tsoron masu kai wa ɓarayi rahoto, kyamarar da wani ya san sirrinta za ta nuna masa yawan buhuna da lokacin da mai gadi ke barci. Don haka da zarar mai saiti ya gama, mai dukiya ya sauya kalmar da hannunsa.

Abin lura kuma, duk wannan shiri ya rataya ne a kan sabis da lantarki. A ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna, har da Birnin Gwari, ba a maido da su ba sai a watan Nuwamba. A irin wannan hali kallo daga nesa ya yanke, amma akwatin yana ci gaba da ajiye hoto a faifansa muddin batir ko sola na ba shi wuta. Idan faifan ya cika kuwa, sabon hoto yakan hau kan tsoho ya shafe shi.