Ko Kun Sani? Bunƙasar Lantarkin Hasken Rana

A shekarar 1954 ne masana a cibiyar binciken Bell da ke Amurka suka ƙera farantin sola na farko mai amfani, wato na'urar da ke mayar da hasken rana wutar lantarki kai tsaye, sai dai kashi 6 cikin ɗari kawai na hasken yake iya sarrafawa, alhali na zamanin nan suna haura kashi 20.

Sai a 2022 jimillar ƙarfin sola da aka kafa a duniya ta kai terawat ɗaya, wato megawat miliyan ɗaya, amma cikin shekaru biyu kacal adadin ya ninka. Babban dalilin wannan hanzari shi ne faɗuwar farashin farantan sola da kusan kashi 90 tsakanin 2010 da 2020, sakamakon yawan ƙerawa a ƙasar Sin, wadda mafi yawan farantan duniya daga masana'antunta suke fitowa.

A 2023, makamashi mai sabuntuwa, wato wanda tushensa ba ya ƙarewa kamar rana da iska da ruwa, ya samar da kashi 30 cikin ɗari na lantarkin duniya.