Zama Kusa da Kada

Ya kai maigida, ko a ƙasar Kankiya kake ko a ta Kusada, kar ka ce kada sai a Kwara. Shi ruwa mai kwana shekara yake nema, kuma irin wannan ruwa ya ƙaru tun da aka shiga gina madatsu, kamar ta Zobe a ƙasar Dutsin-Ma da aka gama a 1983. Da damina yakan bi ambaliya, ko ya taka a ƙasa da dare, ya faɗa tafki ko kududdufin bayan gari.

To, ga abin da ya kamata ka riƙe: kada yana gane sabo. In kullum da almuru yaranka na ɗiban ruwa a mashaya guda, ko can ake shayar da awaki, sai ya lura. Ya zo ya lafe a gefe, ido da hanci kaɗai a waje, ka rantse kututture ne. Saboda haka a gama ɗiba da wanki tun rana na sama, a riƙa sauya wuri, a ɗebo da guga a koma nesa da gaɓa. Mafi kyau ku haɗu da mai unguwa ku kafe mashayar da itatuwa masu kauri, kusa da kusa, har cikin ruwa. Mahauta da masunta su daina zuba kayan ciki a bakin tafki, gama wanda ya ciyar da kada ya koya masa jiran mutum.

Za ka ji ana cewa a Paga ta ƙasar Gana har zama ake yi a bayan kada. Haka ne, amma wannan al'adarsu ce da kadojinsu. Baƙon da ya sauka a kududdufinku bai san kowa ba. Macen kuwa takan tsare ƙwanta wajen wata 3, ta fi faɗa a lokacin nan. Yaron da ya ga ɗan kada kar ya ɗauka, uwar tana kusa.

In an gan shi, a faɗa wa dagaci ya sanar da ma'aikatan gandun daji. In ya kama mutum, a doki idonsa. Ciwon kuwa a danne da tsumma mai tsabta, a wanke da ruwa da sabulu, ban da toka, ban da kashin shanu. Haƙorinsa yana cusa dauɗa can ciki, don haka ko rauni ƙarami ne a kai mutum asibitin Kankiya a ranar, a yi masa allurar hana sarƙewar haƙora.